Kurakuran da ake yi wajen fahimtar zanen Vermeer na mai zuba madara

Wajen shekarar 1660 Johannes Vermeer, mutumin garin Delft na ƙasar Holan, ya zana wata 'yar aiki tana zuba madara a cikin kasko. Zanen yana gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam, tsawonsa bai kai rabin mita ba. Na sha jin ana yi masa gurguwar fassara, abin kuwa yana ci mini rai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayawa a kan fuska. An ga ta sunkuyar da kai, sai a ce baƙin ciki take yi. Ku bar fuskar tukuna, ku bi hasken da ke shigowa ta tagar hagu, ku ga yadda ya sauka a goshinta, ya bi ta kan ɓawon burodin da ke tebur. Sannan ku dubi madarar, siririya kamar zare. Duk macen da ta taɓa dama kunu tana gudun kada ya yi gudaji ta san wannan sunkuyon. Natsuwa ce ta wadda hankalinta ke kan aikin hannunta.

Sai masu neman ɓoyayyar ma'ana a kowane tarkace. A ƙasa akwai ɗan akwatin katako mai huji a sama, da kaskon garwashi a ciki, wanda mata ke ɗora ƙafa a kai lokacin sanyi. A jikin tayil ɗin da ke bayansa akwai Kufid, yaron nan mai baka da Turawa ke kwatanta soyayya da shi. Daga nan wasu sai su ce duk zanen labarin sha'awa ne. Gaskiya masu zanen Holan na zamanin sun yi amfani da akwatin a wannan ma'ana, amma ku fara tambayar amfaninsa a ɗaki mai sanyi, ku kuma lura Vermeer a lungu ya ajiye shi.

Kada kuma a ɗauka ya kwafe ɗakin ne yadda ya tarar. Binciken da aka bayyana a 2022 ya nuna ya fara zana maratayin tuluna a bango da kwando a ƙasa, ya zo ya shafe su don ido ya tsaya a kan 'yar aikin. Shuɗin zanen da ta ɗaura a ƙugu kuwa daga dutsen lazurdi na Afganistan aka niƙa shi, launi mai tsadar gaske, shi Vermeer ya kashe a kan tufafin 'yar aiki.