Yadda ake koya wa ɗalibai taƙaita bayanai da PivotTable a Excel

Kafin ranar darasi, tanadi bayanan da yara suka san kansu. Ni a ajina da ke Gombe, na ƙaga littafin ciniki irin na dillalin hatsi a kasuwar Tudun Hatsi: layi 300, ginshiƙi biyar, wato Rana, Gari, Hatsi, Buhu da Kuɗi. Garuruwan su ne Kumo, Bajoga, Dukku, Kaltungo da Billiri, kayan kuma masara, gero, dawa da wake. Wanda ya taɓa ganin ana sauke buhuna daga mota ba sai an yi masa dogon bayani kan abin da lambobin suke nufi ba.

Da an shiga aji, fara da tambaya. Rubuta a allo: buhun masara nawa aka kawo daga Kumo? Ba su minti goma su nemo da ido da kalkuleta. Kada ka tausaya musu. Za ka ji wannan ya ce kaza, na kusa da shi ya ce a'a, musu ya kaure. Wannan wahalar ce za ta sa su riƙe abin da zai biyo baya.

Sai gyaran bayanai, kuma a nan nake cinye rabin lokacin darasi. Layin farko ya zama na sunayen ginshiƙai kaɗai, kuma kowane ginshiƙi da sunansa, domin idan ɗaya babu suna Excel zai ƙi gina PivotTable, wato teburin da ke taƙaita bayanan. Kada a haɗe gidaje (cells) biyu su zama ɗaya, kada a bar layin jimilla a ƙasa, in ba haka ba za a ƙirga kaya sau biyu. Ni da gangan nake dasa kurakurai: a wani layin in rubuta Biliri maimakon Billiri, a wani in bar tazara bayan Kumo wadda ido ba ya gani, a wani kuma in rubuta "40 buhu" a gidan da lamba zalla ta kamata. Ba na faɗa musu. Su danna cikin bayanan, su latsa Ctrl da T, bayanan su zama tebur wanda zai riƙa haɗa sababbin layuka da kansa.

Yanzu ginin. A shiga Insert, a zaɓi PivotTable, a bar shi a New Worksheet, a danna OK. A dama za a ga sunayen ginshiƙan nan biyar, ƙarƙashinsu akwatuna huɗu: Filters, Columns, Rows da Values. A ja Gari zuwa Rows, Hatsi zuwa Columns, Buhu zuwa Values. Inda layin Kumo ya haɗu da ginshiƙin masara, nan amsar tambayar allo take. Yi shiru kaɗan, bar su su yi mamakinsu.

Ba za a jima ba wata ta ɗaga hannu: "Malam, ni Kumo biyu ne a nawa." Tarkon ya kama ke nan. Mayar da su shafin farko su farauto tazarar, su latsa Ctrl da H su maye Biliri da Billiri. Wani kuma zai ga an rubuta Count of Buhu maimakon Sum of Buhu. Dalili shi ne waccan "40 buhu": da Excel ya tarar da rubutu a cikin ginshiƙin lambobi, sai ya koma ƙirga layuka, ya bar tara buhuna. Tsaya a nan sosai, don yawan zuwan mota daban, yawan kayan da ta sauke daban. Bayan sun gyara gidan, su shiga Value Field Settings su zaɓi Sum, sannan su gwada Average su ga matsakaicin buhu a kowane zuwa.

Za su gyara, su dawo, su tarar teburin bai motsa ba. A Excel sai an sabunta shi: danna dama a kai, a zaɓi Refresh, ko Alt da F5. Na Google Sheets shi yake sabunta kansa. Kuma a riƙa latsa Ctrl da S don adana aiki, wutar nan ba ta sallama kafin ta tafi.

Sauran abubuwa da sauri ake wuce su. A sa Rana a Rows, a danna dama, Group, Months, ciniki ya fito wata-wata. Show Values As zai mai da lambobi kaso cikin ɗari. Danna kowace lamba sau biyu kuwa yana buɗe sabon shafi ɗauke da layukan da suka haifar da ita, abin da ke kashe gardama nan take.

A aikin gida ba na karɓar tebur tsirara. Kowa ya kawo tambayarsa, teburin da ya amsa ta, da jimla biyu da Hausa a ƙasa, yadda zai gaya wa dillalin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba: wane gari ya fi kawo wake, kuma a wane wata.