Yanda za ka koyar da rigimar Ifraimu a ajin matasa

Dan uwa in an ba ka ajin matasa a coci aka ce ka koyar da fadan kabilun Isra'ila, kar ka fara da yakin Biliyaminu, ya yi nauyi. Ni nan Zuru ga yanda nake yi.

Ka fara zana Kogin Urdun a allo, Ifraimu yamma, Gileyad gabas, don in basu ga kogin nan da idonsu ba labarin ba zai shige su ba. Sai mutum daya ya karanta farkon sura 8 na Littafin Mahukunta, wani kuma sura 12. Korafin daya ne fa, Ifraimawa na cewa don me aka tafi yaki ba a kira mu ba. A sura 8 Gidiyon, wanda ya ja yakin, ya kwantar da murya ya yabe su, ya nuna kalar inabinsu ma ta fi girbin danginsa na Abiyezer, nan take suka huce. Yefta kuwa, mutumin Gileyad da ya ja yaki a sura 12, da suka ce za su kona gidansa yana ciki, sai ya tara mutanen Gileyad aka gwabza. Toh a nan ka tsaya, ka bar yaran su yi ta gardamar wa ya kyauta, kar ka yi saurin raba musu.

Sannan ka kawo su mashigin kogi, inda mutanen Gileyad suka tare hanya, duk wanda ya zo ketarewa sai a ce ya fadi Shibolet, in bakinsa ya ce Sibolet irin ta Ifraimawa a yanka shi, har mutum 42,000 na Ifraimu suka mutu. Ni nakan ce wani ya fadi "fata", wani ya ce "hwata" irin ta Sakkwatawa, ajin ya kwashe da dariya, sai in ce to a kan irin wannan ne fa aka yanka mutane. Ranar farko da na gwada haka ajin tsit ya yi, wata yarinya har ta sunkuyar da kai, ashe a makaranta ana tsokanarta kan Hausarta.

Abu daya don Allah, kar ka bari wani ya ce ai Ifraimu su Fulani ne ko Dakarkari ko Kambari, da ya fara ka katse shi da hankali ka maido shi kan ayar.

Yakin Biliyaminu, sura 19 zuwa 21, ka bar shi sai wani mako, inda maza 600 na Biliyaminu suka tsira suka boye wata 4 a Dutsen Rimmon. Ka karanta sura 19 kai kadai tukuna, in akwai kananan yara a ajin ka takaita ta da baki kawai.