Kurakuran da Masu Kafa wa Tsuntsun Matin Gida Suka Fi Yi

Matin mai launin shuni shi ne mafi girma a dangin tsattsewa na Arewacin Amurka. Idan sanyi ya shigo ya kan tafi Kudancin Amurka, galibi Burazil, sannan ya dawo da bazara don ya yi ƙwai. A gabashin duwatsun Roki da ke yammacin nahiyar, kusan dukkansu a gidajen da mutane suka kafa musu suke sheƙa. Tun kafin zuwan Turawa, ƙabilun Choctaw da Chickasaw suna rataya musu goruna, irin duman nan da muka sani. Tsuntsun da ya dogara da mutum har haka, sakacin mutum na iya hallaka zuriyarsa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin kafa gidan. Mutum ya ga inuwa, ya ce nan ya dace, sai shekaru su wuce babu matin ko ɗaya. Tsuntsun yana son fili, don ya shigo da gudu kuma ya hango shaho tun daga nesa. A nisanta sandar da ake ɗora gidan a kai daga dogayen itatuwa da mita 12 zuwa 18, tsayinta ya kai mita 4 zuwa 5. Amma kada a kai ta can bayan gona: matin ya fi natsuwa kusa da gidan mutane.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne a kafa gida a juya baya. Gwarar Turai da aka shigo da ita Amurka wajen 1850, da istalin, wani tsuntsun Turai da aka saki a New York a 1890, su ne ke mamaye ɗakunan gidan. Istalin na fasa ƙwai, yana kashe 'ya'ya, har iyayen ba ya bari. Mai gidan da ya ƙyale su yana kiwon maƙiyan matin ne da hannunsa. Gyaran shi ne ƙofa mai siffar jinjirin wata, tsayinta kusan santimita 3, wadda matin ke shiga amma istalin ya kasa. Ita gwara wannan ƙofar ba ta hana ta, dole a riƙa cire sheƙarta a kai a kai. Don haka a sayi sandar da ake sauke gidan da igiya ko kurar ƙarfe, a duba ɗakunan kowane kwana biyar zuwa bakwai. Masu tsoron cewa uwa za ta gudu idan an taɓa 'ya'yanta su kwantar da hankali, ba ta gudu. Ƙungiyar Purple Martin Conservation Association, da aka kafa a Pennsylvania a 1987, ta daɗe tana kira a riƙa yin wannan dubawa.

Ɗakuna masu faɗin santimita 15 kowane gefe sun yi ƙanƙanta. Mujiya na iya zura ƙafa ta jawo ɗan tsuntsu. A zurfafa su zuwa santimita 30, a shafa farin fenti saboda zafi. A kuma sa makari a jikin sandar, domin maciji da rakun, wata dabbar dawa ta Amurka, suna hawa cikin dare.

Akwai masu kafa gidan don an ce matin na cin sauro 2,000 a rana. Tallan masu sayar da gidajen ne. Matin can sama yake farauta da rana, sauro kuwa ƙasa-ƙasa yake yawo da almuru.

Sai gaggawa. Manyan da ke fara isowa tsohon mazauninsu suke komawa. Sabon gida 'yan shekara ɗaya ne ke kama shi, su kuma sai bayan makonni huɗu ko fiye suke zuwa. A toshe ƙofofin har lokacin ya matso, kada gwara ta riga su. Idan kuma sanyi ko ruwa ya ɗauki kwana uku babu ƙwari a sama, yunwa na kashe matin. A jefa musu gyare da cokali su cafke a iska, daga baya a saba musu da soyayyen ƙwai a kan faranti.