Yadda za ka bi rigimar miƙa waɗanda ake tuhuma tsakanin Ayalan da Birtaniya

Duk wanda ya ce in warware masa wannan rigima, taswira nake fara buɗe masa. Kai ma da ita za ka fara. A 1921 aka raba tsibirin Ayalan, gundumomi 6 na arewa suka zauna da Birtaniya, 26 suka kama hanyar cin gashin kai. Tsarin mulkin da Dablin, wato gwamnatin kudu, ta yi a 1937 kuma ya ce tsibirin duka ƙasa ɗaya ce. Saboda haka idan Landan ta nemi a ba ta ɗan IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami don raba arewa da Birtaniya, da ya tsallako kudu, mutane da yawa suna ganin miƙa shi tamkar amincewa ne da iyakar da suke ƙi. In ba ka riƙe wannan ba, sauran duk taurin kai za ka ɗauke shi.

Daga nan ka nemi dalilin da aka bayar a kowace shari'a, kada kanun labari ya ishe ka. Dokar Ayalan ta 1965 ta hana miƙa mutum kan laifin siyasa, aka daɗe ana fakewa da ita, har Kotun Ƙoli ta karya lagon hujjar a shari'ar Dominic McGlinchey a 1982. A 1988 kuwa an ƙi miƙa Fada Patrick Ryan ne domin Antoni Janar na Ayalan John Murray ya ga kalaman 'yan majalisar Birtaniya da jaridu sun riga sun yanke masa hukunci. A 1990 kotu ta ƙi mayar da Dermot Finucane, ɗaya daga cikin 38 da suka tsere daga kurkukun Maze da ke arewa, don gudun kada gandurobobi su lakaɗa masa duka.

Inda nake so ka daɗe shi ne kan rashin yarda. A kotunan Diplock na arewa, da aka kafa don shari'ar ta'addanci, alƙali ɗaya ne ya riƙa yanke hukunci shi kaɗai. Mutum shida da aka ɗaure kan harin bom na Birmingham a Ingila sai da suka shekara 16 a kurkuku kafin a wanke su a 1991. Ni wannan yana ci mini rai ƙwarai. Amma ka juya ka saurari ɗaya ɓangaren: bom ɗin da IRA ta dasa a garin Enniskillen na arewa a Nuwamba 1987 ya kashe mutum 11 a ranar, ga danginsu kuma iyakar nan mafakar makasa ce. Su ma kukansu gaskiya ne.

Ka kuma kasa kunne ga sunaye. Mai cewa Derry da mai cewa Londonderry gari ɗaya suke nufi, amma sau da yawa kowa ya riga ya nuna maka inda ya tsaya: Derry na masu son haɗe tsibirin ne, Londonderry na masu son zama da Birtaniya.

Kullum ka duba shekarar shari'ar. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, Dablin ta janye iƙirarinta kan arewa a 1999, don haka hujjar da ta yi aiki a 1975 ba lalle ta yi yau ba.