Yadda ake rainon tsutsar furen wake har ta yi fiffike

Maruca vitrata ƙaramin malam-buɗe-littafi ne na dare da ke yankuna masu zafi na duniya, kuma tsutsarsa ce ke huda fure da kwanson wake. Mai son ganin rayuwarsa da idonsa ya fara daga tsutsa, domin ƙwan ƙanana ne sosai, nemansu ɓata lokaci ne.

Ka duba furen da aka manne da ganye ko da wani fure da zare kamar na gizo-gizo, ga kashi tsaba-tsaba a bakin rami. Buɗe shi a hankali. Tsutsar fara ce mai ɗige-ɗige baƙaƙe a kowace gaɓa, babbarta ba ta kai santimita 2 ba. Ka ɗebe ta tare da furenta, kada ka zaro ta da yatsa.

A wajen ajiya ne yawancin masu farawa ke kashe ta. Sukan zuba fure cikin kwalba su toshe da murfi, washegari kwalbar ta yi gumi, furen ya ruɓe, funfuna ta rufe komai, tsutsar ta yi laushi ta yi baƙi. Danshi ne ya kashe ta, ba yunwa ba. Ka shimfiɗa tishu a ƙasan kwalbar, ka rufe baki da yankin gidan sauro, ka ɗaure da roba. Tsutsa uku sun ishi kwalba ɗaya. Kullum ka canza tishu, ka kwashe kashi. Wajen abinci, ɗanyen kwanso ya fi fure, tunda yana kwana biyu bai lalace ba, amma ka tabbata ba a yi masa feshi ba. Kada rana ta taɓa kwalbar ko na minti goma. Ba sai ka sayi akwatin raino ba, tsohuwar kwalba mai faɗin baki ta wadatar.

Zaman tsutsa yawanci ba ya wuce mako biyu. Idan ta daina ci tana ta yawo, sa mata busasshen ganye, za ta saƙa wa kanta gida ta lafe. Kada ka buɗe saƙar. Bayan kamar mako ɗaya malam-buɗe-littafin zai fito, fikafikan gaba ruwan ƙasa da tabo fari, na baya farare da baki mai duhu. Jiƙa auduga da ruwan sukari ka ajiye masa, ka duba shi da dare, lokacin yake motsi.