Yadda Ake Roƙo, Ƙin Yarda da Musu Cikin Ladabi a Turancin Yau da Kullum

Mutum zai ci jarrabawar Turanci da maki mai kyau, ya sauka Landan ko Manchesta karatu ko aikin jinya, amma kafin wata ya zagayo abokan aiki sun fara yi masa kallon mai gadara. Alhali nahawunsa bai karye ba. Abin da ya faru shi ne ya ajiye ladabinsa inda Bahaushe ke ajiyewa, Bature kuma ya duba wani wuri dabam bai gani ba. Mu namu ladabin yana cikin doguwar gaisuwa, da rusunawa, da sassauta murya, da kiran mutum Malam ko Hajiya ko Yallaɓai. In ka cika waɗannan, ka ce wa mai shago "ba ni sukari", ba wanda zai ga laifinka. Shi Baturen Ingila gaisuwarsa kalma biyu ce, ladabinsa kuwa kusan duka a cikin ƙirar jimla yake.

Wata masaniyar harshe a Birtaniya, Jenny Thomas, ta yi bayanin haɗarin tun 1983: wanda ya yi kuskuren nahawu, cewa ake bai ƙware a harshen ba, wanda ya yi kuskuren ladabi kuwa, halinsa ake zargi. Kuma gwargwadon iya Turancinka, gwargwadon ƙarancin uzurin da za a yi maka.

Mayar da roƙo tambaya

Ƙa'idar farko: kada ka ba da umarni, yi tambaya, ko da kai da shi kun san dole ne a yi abin. Tambaya tana bar wa mutum ƙofar da zai ce a'a, barin ƙofar nan shi ne girmamawar. Wanda ya ce a wurin cin abinci "Can you pass the salt?" ba tambayar ƙarfin hannunka yake yi ba, gishirin yake so.

Ɗauki buƙata ɗaya, a aiko maka da takarda. "Send me the file" umarni ne, na aboki na kusa ko na lokacin gaggawa. "Can you send me the file?" ya wadatar tsakanin abokan aiki da suka saba. "Could you send me the file, please?" shi ne na tsakiya, wanda in ka rasa abin faɗi ka riƙe shi, da wuya ya ba ka kunya. Sama da shi akwai "Would you mind sending me the file?" Sannan na ƙoli, na babban roƙo ko na wanda ya fi ka matsayi: "I was wondering if you could send me the file."

Duba da kyau za ka ga jimlar tana ƙara tsawo, aikatau kuma yana komawa sigar lokacin da ya wuce: can ya zama could, will ya zama would, "I wonder" ya zama "I was wondering". Ba jiya ake nufi ba. Ja da baya ne, don kada roƙon ya tsaya wa mutum a gaba ƙiƙam.

Wanne za ka ɗauka? Penelope Brown da Stephen Levinson, a littafinsu na 1987 kan ladabi a harshe, sun kawo ma'auni uku da suke aiki sosai: nisan da ke tsakaninku, fifikon matsayinsa a kanka, da nauyin abin da kake nema. Aron biro daga wanda kuke zaune tare, "Can I borrow your pen?" ta isa. Neman malamin jami'a ya ƙara maka mako guda kafin ka miƙa aiki, sai na ƙoli, tare da dalili a jimla ɗaya. Wanda ya zuba doguwar jimlar ƙoli a kan aron biro, sai a zaci zolaya yake yi ko fushi.

Akwai kuma ƙananan kalmomi masu rage nauyi: just, a bit, possibly, "when you get a chance". Ɗaya ko biyu a jimla sun isa.

"Would you mind" tana da tarko biyu. Aikatau da ke bin ta yana ɗaukar -ing, wato "sending", ba "to send" ba. Sannan ma'anarta "zai dame ka?", don haka amsar yarda ita ce "Not at all" ko "No, that's fine". In ka ce "Yes" kawai ka yi shiru, ka ce zai dame ka ke nan. In kana tsoron ruɗewa, ce "Sure" ko "Of course" ka miƙa abin.

Please ba ta wanke umarni

Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa. An koya mana a makaranta cewa please ita ce "don Allah", sai muke manna ta a gaban umarni mu ɗauka an gama. "Please give me the key" har yanzu umarni ne, mai ɗan laushi kawai. Wurin da please ta fi zama lafiya shi ne ƙarshen tambaya: "Could I have the key, please?" In aka sa ta a tsakiya aka danna ta da murya, "Can you PLEASE close the door", wannan na wanda haƙurinsa ya ƙare ne. Ita ma "kindly" da ta cika wasiƙun ofisoshin Najeriya, a kunnen Baturen Ingila ta yi kama da takardar gargaɗi. A bar ta.

A kanti ko gidan abinci, kauce wa "I want" da "Give me". A Ingila har tsawatar wa yara ake yi da cewa "I want never gets", wato mai cewa "ina so" ba ya samu. Ce "Can I have a tea, please?" A Amurka za ka fi jin "Can I get" ko "I'll have". Godiya kuma ba a tara ta sai ƙarshe: an miƙo kaya, "thanks", an ba da canji, "thank you", a garuruwa da yawa na Birtaniya har direban bas ake yi wa godiya wajen sauka.

Murya ma tana da nata aikin. Masanin harshe John Gumperz ya bayar da labarin wasu mata 'yan Indiya da Pakistan masu raba abinci a wani babban filin jirgin sama na Birtaniya, waɗanda ma'aikata Turawa suka yi ƙorafin ba su da fara'a. Da aka saurari maganarsu, sai aka gano kalma ɗaya ce matsalar. In za su tambayi mutum ko yana son romo, sai su ce "gravy" murya na sauka, su kuwa Turawa da murya mai hawa suke faɗin ta. Mai hawa tayi ce, mai sauka kuwa kamar a ce "ga shi nan, in ka ga dama". Saboda haka in kana tayi ko roƙo da gajeriyar jimla, ɗaga murya kaɗan a ƙarshe.

Fahimtar abin da ba a faɗa ba

Bahaushe ba baƙon zagaye ba ne. Wanda aka ce wa "sai na yi shawara" ko "bari mu gani" ya san inda aka dosa. Abin koyo kawai shi ne irin na Turawa.

In shugabanka a wurin aiki ya ce "You might want to look at page three again", ba zaɓi ya ba ka ba, akwai kuskure a shafi na uku, je ka gyara. Haka "Would you like to start?" daga mai jagorantar taro: fara. "I'm not sure that's quite right" galibi "ba daidai ba ne" ke nan. "With respect", ko "with all due respect", sanarwa ce cewa musu mai zafi na tafe. "That's interesting" na iya zama yabo, na iya zama hanyar wucewa. Ka lura ko tambaya ta biyo baya, don wanda abu ya ba sha'awa yakan nemi ƙari. A ɗaya gefen, "not bad" a bakin Baturen Ingila sau da yawa yabo ne na gaske. "Quite good" kuwa ta raba gari: a Amurka tana kusa da "ya yi kyau sosai", a Ingila sau da yawa "ba laifi" ce kawai.

Gayyata ita ce mai ba da kunya. "You must come round sometime" magana ce ta fatar baki. Gwajinta mai sauƙi ne: an faɗi rana da lokaci? In ba a faɗa ba, amsa da "That would be nice" ka bar ta nan, kada ka tashi ka je. Gida ba a faɗa masa ba sanarwa. Idan kuma mai masauki ya dubi agogo ya ce "It's getting late", ko wanda kuke waya ya ce "I'll let you go", sallama ce.

Kada dai a ɗauki waɗannan kamar ƙamus. Wani lokaci mutum abin da ya faɗa shi yake nufi. In aiki ne kuma kana shakka, tambaya kai tsaye ba rashin ladabi ba ce muddin ka ɗora ruɗewar a kanka: "Just so I'm clear, would you like me to redo it by Friday?"

Karɓa da ƙi

Kunyarmu ta koya mana a ƙi abinci da farko har sai an matsa. A can tayi ɗaya ne, in an yi kara a ƙara da "Are you sure?", daga nan a ɗauke faranti. In kana so, ce "Yes, please" tun farko. In ba ka so, "No, thank you" ko "I'm fine, thanks". "Thank you" ita kaɗai ba ta nuna e ko a'a, sai an sake tambayarka.

Ƙin gayyata ko aiki yana da gaɓa huɗu: godiya, nuna rashin jin daɗi, gajeren dalili, sannan madadin in akwai. Misali: "Thanks for asking. I'm afraid I can't make Saturday, I've got something on. Could we do next week?" "I'm afraid" a nan ba tsoro ba ne, share fagen labari mara daɗi ne. Dalilin ba sai ya yi tsawo ba. "I've got something on" ta wadatar, ba mai bin diddigi. Babban laifi a wurinsu shi ne ka ce to don kara, sannan a neme ka a rasa. In ka ce in sha Allahu, haɗa da e ko a'a bayyananne, don wanda bai saba ba bai san ko ya sa ka a lissafi ba.

Wajen musu, cire "you" daga jimlar. "You made a mistake" yatsa ne a ido. "There seems to be a mistake in the total" ya isar da saƙon ba tare da nuna kowa ba. Fara da abin da ka yarda da shi: "I see what you mean, but". Kuma a kiyayi "It's a lie!" da muke faɗa in abu ya ba mu mamaki. A can ka kira mutum maƙaryaci ke nan, "Really?" ko "No way!" ake cewa.

Turancin gida da ba ya tsallaka ruwa

Sorry tana da ayyuka da yawa a Ingila: neman hanya, katse magana, neman a maimaita, har wanda aka taka wa ƙafa ma yakan faɗe ta. Amma ba ta cika maye gurbin "sannu" ba. In wani ya yi tuntuɓe ka ce "sorry", zai iya cewa "It's not your fault". Ce "Are you OK?" In rasuwa ce ko rashin lafiya, sai a cika jimlar: "I'm sorry for your loss", "I'm sorry to hear that".

"Well done" ba "sannu da aiki" ba ce, yabo ne bayan an gama abu da kyau, kuma yawanci daga babba zuwa ƙarami. Ka faɗa wa shugabanka yana tsakiyar aiki, zai rasa me ya yi. "I'm coming" da nufin "ina zuwa" alhali fita kake yi tana ruɗa su, "I'll be right back" ake cewa. "You've added weight" kuwa, wadda a gida alamar hutu ce, a can cin fuska ce. Albashi, shekaru, aure, haihuwa da addini ba a tambayar wanda ba a saba da shi ba. "How are you?" da "You all right?" gaisuwa ce, amsarsu "Good, thanks, you?"

Batun suna: Mr, Mrs, Ms ko Dr da sunan iyali ake haɗa su, ba da sunan yanka ba. In malami ya rufe imel ɗinsa da sunansa na farko, ya ba ka izinin kiran sa da shi, ko da bakinka zai yi nauyi. A imel ɗin kanta gaisuwa layi ɗaya ce, buƙata ta fito cikin layi uku na farko. Kallon ido kuma, wanda mu muke kauce wa don girmama babba, su suna ɗaukar rashinsa alamar ɓoye wani abu, musamman a ganawar neman aiki.

Inda zagaye ke cutarwa

Duk wannan ana ajiye shi gefe in rai ko lafiya na cikin haɗari. "Stop!", "Call an ambulance!", ba mai jiran please. Lambar gaggawa 999 ce a Birtaniya, 911 a Amurka, kuma abin da mai ɗaukar waya yake so shi ne inda kake da abin da ya faru. Gaban likita ma haka: wanda ya ce "It's a bit uncomfortable" alhali ciwo ya hana shi barci, maganin ɗan ciwo za a ba shi. Faɗi wurin, da tun yaushe, da tsananinsa in an ce ka auna daga 1 zuwa 10. Ma'aikaciyar jinya da ta ga an rubuta magani fiye da ƙima ba "I was wondering" za ta ce ba, cewa za ta yi "This dose is too high, please check it before we give it."