Kurakuran da ake yi wajen faɗin ra'ayi kan gem ɗin da masoya suka haɗa da kansu

Duk wanda ya taɓa haɗa gem da hannunsa ya tura wa abokai ya san amsar da ke fara dawowa. Ko dai "Ya haɗu wallahi," ko kuma "Kai, wannan ba ya buguwa." Shi ke nan, bayan mutum ya kwashe watanni yana jera ɗakuna da ƙofofi a kwamfuta. A Katsina da Daura ana samun ɗaiɗaikun matasa masu wannan sha'awa, galibi ɗalibai masu laftof, kuma abin da ke kashe musu gwiwa ba zagi ba ne, ra'ayin da ba a iya gyara komai da shi ne.

Irin gem ɗin da nake nufi shi ne mai bin tsarin The Legend of Zelda, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1986 ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto. Kana kallon jarumi daga sama, da takobinsa, yana yawo a daji, yana shiga kogo, yana neman makulli, ya tarar da babban dodo a ɗakin ƙarshe. Tun wajen 1999 masoyan Zelda suka samar da manhajar Zelda Classic, wadda yanzu ake kira ZQuest Classic, da kowa zai iya zana taswirarsa da kogunansa a ciki ya raba kyauta. Mai haɗa irin wannan ba shi da ma'aikatan gwaji. Abokansa da ƙannensa su ne 'yan gwajinsa, don haka abin da suka faɗa, da yadda ya fahimce shi, shi ke gyara aikin ko ya ɓata shi.

Kuskure mafi yawa shi ne yanke hukunci ba tare da faɗin wuri ba. Mutum zai ce "na maƙale" ya yi shiru. A ina? Taswirar dajin Zelda ta asali kaɗai allo 128 ce, ban da koguna tara, kuma masu haɗa nasu kan wuce haka. Wanda aka ce wa "na maƙale" ba shi da inda zai fara dubawa. Kwatanta da wanda ya rubuto: "Yaya, a kogo na biyu, ɗakin da ke arewa da mai ruwa, na kashe duk jemagun amma ƙofar hagu ba ta buɗe ba. Ina da bom huɗu, ban samu kwari da baka ba tukuna." Wannan saƙon cikin minti biyar za a gano ko ƙofar ce ta lalace ko kuwa akwai dutsen da ake turawa da ɗan wasa bai lura da shi ba. Abin da ake buƙata bai wuce wurin da kake ba, kayan da ke hannunka, abin da ka yi, da abin da ka zaci zai faru. In ka ɗauki hoton allon da wayarka ma ya wadatar.

Inda aka fi ɓata aiki kuwa shi ne "ya yi wuya." Maganar ɗaya ce amma abubuwa dabam-dabam ke ƙarƙashinta, kuma mai gem yakan ɗauka abu guda ake nufi, ya je ya rage wa dodo ƙarfi. Wani lokaci wuyar ta gaskiya ce, dodon na da sauri kuma sai hannu ya saba. Wannan ba laifi ba ne, shi ne ma daɗin wasan. Wani lokaci dodon daidai yake, tafiyar komawa wurinsa ce azaba: an kashe ka, an mayar da kai bakin kogo, sai ka sake ratsa ɗaki goma sha biyu da rabin jini, wato rabin ƙarfin ran jaruminka, kafin ka sake ganinsa. Wanda ya sha wannan sau biyar zai ce dodon ya yi wuya, alhali abin da ya gajiyar da shi hanya ce. Gyaran shi ne a buɗe gajeriyar hanya da zarar an kai ƙofar dodon, ko a ajiye abin cika jini kusa da ita, a bar dodon da ƙarfinsa.

Akwai kuma wuyar rashin alama, kuma ita ce masu haɗa gem suka fi kare kansu a kanta. A Zelda ta 1986 akwai bangon da ake fasawa da bom ba tare da wata shaida a jikinsa ba, da bishiyar da ake ƙonawa da kyandir a samu matattakala a ƙarƙashi, ita ma kamar kowace bishiya. Ga shi shuɗin kyandir sau ɗaya yake kamawa a kowane allo, sai ka fita ka dawo. Yaran wancan lokacin suna da ɗan littafin da ke zuwa da kaset da abokan makaranta da ake musayar sirri da su. Nintendo da kanta ta sassauta wannan a A Link to the Past, wata Zelda ta 1991, inda bangon da ke fasuwa yake da tsaga da ido ke gani. To in kai a yau ka ɓoye hanyar da dole a bi a bayan bango sumul, ka ce ai haka na asali yake, ka kwaikwayi abin da masu shi suka gyara. A ɓoye kuɗi da ƙarin jini yadda aka ga dama. Hanyar ci gaba kuwa a sa mata shaida, ko tsaga, ko wani tsoho a ƙauye da zai faɗi magana mai nuni.

Shi ya sa nake ganin ɗan wasa kamar majinyaci yake. Ba wanda ya fi shi sanin inda ke masa ciwo, amma ba lalle ya san maganin ba. In ya ce ya gaji a kogo na uku, ka yarda, ya gaji ɗin. In ya ce a cire kogo na uku, ka dakata tukuna ka gano me ya gajiyar da shi. Shi ma mai ba da ra'ayi zai fi taimakawa in ya faɗi abin da ya same shi kafin ya faɗi abin da yake so a yi.

Wata matsalar kuma ba wuya ba ce sam, tangarɗa ce, amma kunya kan sa ɗan wasa ya ɗora wa kansa laifi. Misali kogo mai ƙofofi uku a kulle, makulli biyu a fili, na ukun yana bayan ɗaya daga cikin ƙofofin. Wanda ya zana kogon kullum ƙofar da ta dace yake fara buɗewa, don ya san inda komai yake. Baƙo kuwa zai iya kashe makullansa biyu a sauran ƙofofin, ya tsaya cik, ba gaba ba baya. Zai yi ta zagaye na awa guda yana cewa shi ne bai iya ba, daga nan ya rufe laftof ɗin ba tare da ya gaya wa kowa ba. A Zelda ta farko makulli na aiki a kowane kogo, har sayar da shi ake yi a shago, don haka akwai mafita. A tsarin da kowane kogo ke da makullansa babu wannan rangwamen. Mai haɗawa ya ɗauki takarda da biro ya bi kowane jeri da za a iya buɗe ƙofofin da shi. Ɗan wasa kuma in ya ga ya shiga duk ɗakin da ke shiguwa kuma ba makulli, ya ƙirga ƙofofin da ya buɗe ya aika. Ba gazawarsa ba ce.

Kafin ma a kai nan, a faɗi na'urar da aka buga da ita. An tsara waɗannan wasanni don kibod ko hannun gem, kuma wanda ya lallaɓa ya buga da yatsa a gilashin waya zai ga jarumin na zamewa, ya ce gem ɗin ne. Haka sigar manhajar ZQuest Classic: abin da aka haɗa a 2.50 zai iya nuna wani hali dabam a 2.55. Ga kuma namu na gida. Laftof mai mataccen batir, an ɗauke wuta ana tsakiyar kogo, awa biyu ta tafi. Wannan ba laifin mai gem ba ne, amma in ya san mutanen Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa a Katsina yake haɗa wa, ba na Tokyo ba, sai ya rage tsawon kogunan ya kuma riƙa tuna wa mutane su adana wasansu.

Sai batun kara, wanda a wurinmu ya fi duk waɗannan nauyi. Ka miƙa wa ƙaninka gem ɗin da ya ga ka hana idonka barci a kansa, ka tambaye shi, "Ya ka gani?" Me kake jira ya ce? "Wallahi Yaya ka iya." Abokinka ma haka, sai dai ya ƙara da "Allah ya ƙara basira." Addu'a ce mai kyau, amma ba ta nuna ƙofar da ta ƙi buɗewa. Kada ka tambayi ko ya yi kyau. Ka zaunar da shi, ka koma bayansa, ka rufe bakinka. Za ka ga ya wuce ta gaban ƙofar da kake ganin ko makaho zai gan ta, ya wuce ta kuma, ya koma yana saran ciyawa. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayi ka karɓe kibod ɗin ka nuna masa. Kada ka karɓa, domin ranar da wani zai buga a Funtuwa ba ka nan. Ka lura da lokacin da ya jingina da bango, da lokacin da ya ɗauko wayarsa ya fara duba WhatsApp. Nan ne wurin da ya gundure shi, ko da bakinsa ba zai faɗa ba. In za ka yi tambaya, ka yi wadda amsarta ba ta zama rashin kunya: "A ina ka ji kamar ka ajiye?" ko "Da ka shiga ɗakin nan, me ka ɗauka ake so ka yi?"

Akwai kishiyar wannan, masu ganin tsanani shi ne sani. Su ne za su gwada aikin mutum ɗaya da God of War da suka buga a gidan gem, su ce zanen na yara ne. Aikin ɗaruruwan ma'aikata ne wancan. A auna gem ɗin masoya da abin da ya yi niyyar zama. Haka mai ba da tauraro ɗaya bayan minti goma, da mai ba da biyar don ɗan unguwarsu ne, duk maki ne marar bayani. In ba ka gama ba ka ce ba ka gama ba, ka faɗi inda ka tsaya. Shi kuma mai gem ya tuna cewa waɗanda suka kai ƙarshe su ne suka fi magana, kuma su ne dama suka jure. Waɗanda suka watsar a kogo na farko ba sa cewa komai, sai an bi su an tambaya.

Ra'ayi kan labari ma ana yawan raina shi, a ce ai gem ne. A ce wani ɗan Daura ya gina nasa kan Bayajidda, kuma labarin kamar don haka aka yi shi: baƙo daga nesa, wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, tsohuwa Ayana da ta sauke shi, rijiyar Kusugu da macijin da ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Sai dai tsarin Zelda na jan hannu zuwa ga gimbiyar da aka sace ake zuwa ceto, kuma in ba a yi hattara ba sai a wayi gari an mayar da Daurama fursuna a ɗakin ƙarshe. Ita kuwa sarauniya ce mai mulkin garinta, ita ta nemi a gano wanda ya kashe macijin, masu ƙarya suka yi ta da'awa har mai kan macijin ya fito da shi. Ɗan wasan da ya ce "ba haka aka ba mu labarin ba" bai fita daga batu ba. Ya ma nuna maka abin wasa da ka bari a ƙasa, domin wannan neman shaida bayan an kashe dodo ba kasafai ake ganinsa a irin waɗannan gem ba. Kuskuren nasa kawai shi ne in ya tsaya a "ka ɓata tarihi" bai faɗi wane wuri ba. A Daura, inda rijiyar take har yau ana zuwa ganinta, dattawa ma za su iya leƙa allon, don haka a kula da yadda ake zana masarauta da mutanenta.

Shawarar da na fi jin tsoro ita ce wadda ke zuwa da kyakkyawar niyya: "Mutumina, wannan ai kuɗi ne, ka sa shi a Play Store." Muddin akwai zanen Link, jarumin Zelda, ko kiɗan Zelda, ko sunan, kayan Nintendo ne, kuma kamfanin ba ya wasa da hakkinsa. A watan Agusta na 2016 wani gem ɗin masoya mai suna AM2R, wanda aka gina kan Metroid II na Nintendo aka shekara da shekaru ana haɗa shi, ya fito kyauta, cikin 'yan kwanaki lauyoyin Nintendo suka sa aka sauke shi. Kyauta ke nan, balle na sayarwa. Wanda yake son ya ci abinci da wannan aiki sai ya ɗauki abin da ya koya na tsara koguna da makullai ya koma manhaja irin Godot, wadda kyauta ce kuma ta yarda a sayar da abin da aka haɗa da ita, ya zana jaruminsa, ya nemi mai kalangu ko gurmi su yi yarjejeniya a rubuce kan kiɗan.

In an tattara ra'ayoyi an yi gyara, a sa wa sabon fayil lamba, a rubuta abin da aka canza, a kuma gaya wa mutane ko tsohon wasan da suka adana zai ci gaba da aiki. Matsar da makulli ɗaya daga wannan ɗaki zuwa wancan ya isa ya kulle wanda ya riga ya kai tsakiyar kogon da tsohon fayil, ya dawo yana cewa gyaran ya fi ɓarnar muni.